Ciwon suga: Dalilan barin magani da hanyoyin dagewa a kansa a ƙasar Zuru

Ciwon suga na cikin cututtukan da mutum ke zama da su tsawon rayuwarsa. Maganin zazzaɓin cizon sauro kwana uku ake sha a gama, amma na suga kullum ake sha, kuma amfaninsa a jiki yana ƙarewa bayan sa'o'i ƙalilan da shan sa. Saboda haka lafiyar mai wannan ciwo ta dogara ga abu biyu: a rubuta masa maganin da ya dace, shi kuma ya riƙa shan sa yadda aka rubuta. A kan na biyun ne ake yawan samun cikas. Wannan bayani ya duba ma'anar bin ƙa'idar magani, da dalilan da ke sa majiyyata sakaci da shi a wuri irin ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, da matakan da majiyyaci da iyalinsa da ma'aikatan lafiya za su ɗauka.

Ma'anar bin ƙa'idar magani

Bin ƙa'idar magani shi ne majiyyaci ya sha adadin da aka rubuta masa, a lokacin da aka ƙayyade, ta hanyar da aka nuna masa, ya kuma ci gaba har zuwa ranar da likita ya canza ko ya tsayar. Masu bincike kan ɗauki mutum a matsayin mai bin ƙa'ida idan yana shan aƙalla kashi 80 cikin 100 na maganinsa, wato kwana 24 ko fiye a cikin kwana 30.

Saɓa ƙa'ida iri-iri ne. Akwai wanda aka rubuta wa magani amma bai saya ba. Akwai wanda ke sha yau ya tsallake gobe. Akwai mai raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Akwai mai dainawa da zarar gwaji ya nuna sugansa ya sauka. Akwai kuma mai ninka magani ranar da zai je walima ko biki, da tunanin zai rufe yawan abin da zai ci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa dalili, kuma gyaransa ya bambanta da na ɗan'uwansa.

A shekarar 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto na musamman kan wannan batu. Rahoton ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki kusan rabin masu cututtukan da ke daɗewa ne kawai ke bin ƙa'idar maganinsu, kuma lamarin ya fi muni a ƙasashe masu tasowa. Ya kasa dalilan gida biyar: halin tattalin arziki da zamantakewa, tsarin asibitoci da ma'aikatansu, yanayin cutar, yanayin maganin, sai kuma shi majiyyacin. Huɗu daga cikin biyar ɗin sun fi ƙarfin majiyyaci shi kaɗai, abin da ke nuna cewa ɗora masa laifi duka kuskure ne.

Girman cutar

Tarayyar ƙungiyoyin ciwon suga ta duniya, IDF, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna ɗauke da shi ba. A Najeriya, wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2018, ya tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar ya gano cewa kashi 5.77 cikin 100 na 'yan ƙasa ke da ciwon, yayin da a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 3 cikin 100.

Binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka yi a Sakkwato ya nuna tazarar da ke tsakanin birni da ƙauye: kashi 4.6 cikin 100 a tsakanin Fulanin birni, ƙasa da kashi 1 cikin 100 a tsakanin na karkara. Zaman shago daga safe zuwa yamma, da zaman ofis, da hawan babur ko mota zuwa inda da ake takawa da ƙafa, da yawan lemon kwalba, su ne ke buɗe wa ciwon ƙofa. Wannan ya sa batun ya shafi 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati kai tsaye.

Yadda magungunan ke aiki

A bayan tumbin mutum akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, wadda ke samar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne shigar da sugan da ke cikin jini zuwa tsoka da sauran sassan jiki don ya zama ƙarfi. A nau'i na ɗaya na ciwon, wanda ya fi kama yara da matasa, jiki ya daina samar da insulin, don haka allurarsa ta zama dole kullum. A nau'i na biyu, wanda shi ne na kusan mutum 9 cikin 10 na masu ciwon, jiki yana samar da insulin amma bai isa ba, ko kuma ba ya aiki yadda ya kamata.

Metformin shi ne maganin da aka fi farawa da shi a nau'i na biyu. Wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya fara amfani da shi ga masu suga a 1957. Yana rage sugan da hanta ke zubawa cikin jini, yana kuma taimaka wa jiki ya amfana da insulin ɗinsa. Ana shan sa tare da abinci ko bayan an ci. Sai rukunin su glibenclamide da gliclazide da glimepiride, waɗanda ke matsa wa fankiriyas ta fitar da ƙarin insulin. Su ana shan su ne gab da cin abinci, domin wanda ya sha bai ci ba sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Insulin kuwa an gano shi ne a birnin Toronto na Kanada a 1921, aka fara yi wa majiyyaci allurarsa a watan Janairun 1922.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke tumɓuke ciwon daga tushe. Suna danne sugan ne muddin suna cikin jini. Idan aka daina, cikin 'yan kwanaki sugan zai koma inda yake.

Abin da barin magani ke jawowa

Suga mai yawa yana cin ƙananan jijiyoyin jini a hankali, shekara da shekaru, ba tare da zafi ba. Wuraren da ya fi yi wa lahani su ne ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa da zuciya da ƙwaƙwalwa. Daga nan ake samun dishin gani har zuwa makanta, da gazawar ƙoda mai kai ga wankin ƙoda, da mutuwar ji a tafin ƙafa, da gyambon da ba ya warkewa har a yanke ƙafa, da shanyewar ɓarin jiki, da raunin mazakuta.

Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, UKPDS, wanda ya bibiyi dubban majiyyata daga 1977 zuwa 1997, ya nuna ribar riƙe suga. Akwai gwajin jini mai suna HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan mutum na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Binciken ya gano cewa duk saukar maki 1 a wannan gwaji na tafiya tare da raguwar lahanin ƙananan jijiyoyi da kashi 37 cikin 100, da raguwar mutuwa ta dalilin suga da kashi 21 cikin 100. Ga mafi yawan manya, abin da ake nema shi ne sakamakon gwajin ya kasance ƙasa da 7.

Ga mai nau'i na ɗaya haɗarin ya fi gaggawa. Kwana ɗaya ko biyu babu insulin na iya jefa shi cikin amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama da suma, kuma idan ba a kai shi asibiti ba rai na iya salwanta.

Halin ƙasar Zuru

Masarautar Zuru tana kudancin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba. Mazaunanta sun haɗa da Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya. Noma shi ne babbar sana'a, sai kasuwancin hatsi da dabbobi, ga ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta, ga kuma tsoffin sojoji masu yawa, domin ƙasar ta yi suna wajen aikin soja.

A garin Zuru akwai Babban Asibitin Martha Bamaiyi da asibitoci masu zaman kansu da shagunan magani. Wanda ciwonsa ya kai ga neman ƙwararren likitan ido ko na ƙoda, akasari sai an tura shi Birnin Kebbi, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya suke, ko kuma Sakkwato. Tafiya ce ta sa'o'i da kuɗin mota mai nauyi. Mutumin Ribah ko Wasagu ko Bena ko Dirin Daji ko Mahuta kuwa, isowa garin Zuru ma tafiya ce, kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi sassan Danko-Wasagu da Sakaba a shekarun nan ta raba iyalai da gidajensu, ta sa bin wasu hanyoyi ya zama abin fargaba. A irin wannan wuri, riƙe suga a gida da ƙwayar da ba ta fi ƙarfin aljihu ba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan jinyar lahaninsa a wani gari.

Dalili na farko: jin sauƙi

Mutum kan je asibiti da yawan fitsari da ƙishirwa da rama da kasala. Bayan mako biyu ko uku da fara magani alamun su ɓace, sai ya ɗauka ya warke. Gaskiyar ita ce alamun ba sa fitowa sai sugan ya yi yawa ƙwarai, kuma yana iya zama sama da ƙa'ida yana ɓarna alhali mutum na jin kansa garau. Ma'aunin gaskiya shi ne gwaji. Ga mafi yawan majiyyata ana son sugan safe, kafin a ci komai, ya kasance tsakanin 80 da 130 a ma'aunin mg/dl, kuma kada ya wuce 180 bayan sa'a biyu da cin abinci. Idan gwaji ya yi kyau, wannan shaida ce maganin na aiki, kuma dalili ne na ci gaba da shi.

Akwai waɗanda sugansu ke daidaita har a janye musu magani bayan sun rage ƙiba sosai. Wani bincike a Birtaniya mai suna DiRECT ya nuna haka a 2017, inda kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin rage ƙiba mai tsanani suka kai wannan matsayi bayan shekara guda. Sai dai an yi shi ne ƙarƙashin kulawar likitoci, da gwaji a kai a kai. Hukuncin janye magani na likita ne.

Dalili na biyu: tsada

Mafi yawan 'yan Najeriya daga aljihunsu suke biyan kuɗin magani. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, insulin da tsinken gwaji na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ma'aikacin da albashinsa ya yi jinkiri, da ɗan fanshon da ke jiran alat, da manomin da ba ya ganin kuɗi sai kaka, duk suna iya samun giɓin mako ɗaya ko biyu babu magani.

Akwai hanyoyin rage wannan nauyi. Na farko, majiyyaci ya faɗa wa likita ƙarfin aljihunsa ba tare da kunya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma likita ba zai zaɓi mai sauƙin kuɗi ba idan bai sani ba. Na biyu, a riƙe asalin sunan maganin da ƙarfinsa, misali metformin 500mg, domin kamfanoni da dama ke yin sa da sunaye daban-daban da farashi daban-daban. Na uku, a ware kuɗin magani ranar da albashi ya shiga ko ranar da aka sayar da amfanin gona, a sayi na wata guda ko fiye, kafin sauran buƙatu su cinye kuɗin. Na huɗu, a nemi inshorar lafiya. Dokar hukumar NHIA da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshora ga 'yan ƙasa, kuma Jihar Kebbi na da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KECHEMA. Ya kamata ma'aikaci ya bincika ko yana cikin tsarin, da asibitin da aka yi masa rajista, da magungunan da tsarin ya ƙunsa.

Neman araha kada ya kai ga sayen jabu. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji maganin da ake tallarsa a rana a kan tire ko a bayan mota ranar kasuwa. Tsarin kankare kati a tura lamba ta saƙon waya don tantance magani, wanda NAFDAC ta ƙaddamar a 2010, da wani maganin suga aka fara gwada shi, wato Glucophage, saboda yadda masu jabu suka sa shi a gaba.

Dalili na uku: illar magani

Metformin kan jawo tashin zuciya da kumburin ciki da gudawa a makonnin farko. Da yawa a nan suke barin sa. Akasari wannan na lafawa idan aka fara da kaɗan ana ƙarawa a hankali, ana kuma sha a tsakiyar cin abinci. Akwai nau'insa mai narkewa sannu a hankali wanda ya fi sauƙi ga ciki.

Illar da ta fi tsoratarwa ita ce faɗuwar suga, wato ya sauka ƙasa da 70. Alamunta su ne rawar jiki da gumi da yunwa mai tsanani da bugun zuciya da jiri da ruɗewa. Ta fi samun masu shan glibenclamide da 'yan'uwansa da masu allurar insulin, musamman idan an tsallake abinci, ko an yi aikin ƙarfi a gona, ko an sha giya ko burkutu da cikin wofi. Maganinta nan take shi ne cokali ɗaya babba na suga ko zuma, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, a sake gwaji bayan minti 15, sannan a ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi. Duk wanda hakan ke yawan faruwa da shi ya koma wurin likita a rage masa adadi ko a canza masa magani.

Dalili na huɗu: tsoron allura da ajiyar insulin

Mutane da dama na ɗaukar komawa allura a matsayin alamar ƙarshe ta zo. Abin da ke faruwa shi ne fankiriyas na ƙara rauni da tafiyar shekaru, har ƙwaya ta kasa isa ita kaɗai. Waɗanda aka ga sun rasu jim kaɗan bayan fara allura, galibi jinkirin farawar ne ya cuce su. Wani lokaci ma allurar ta wucin gadi ce, kamar lokacin juna biyu ko tiyata ko gyambo mai tsanani.

Insulin ɗin da ba a buɗe ba ana ajiye shi a firiji, a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma kada ya daskare. Wanda aka buɗe yana kai kimanin mako huɗu a wuri mai sanyi da inuwa. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, kuma zafin bazara ke kai digiri 40, dabarar tukunya biyu na taimakawa: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a sa kwalbar a cikin leda don kada ruwa ya taɓa ta. Wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wannan dabara don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Wani bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva, wanda aka buga a 2021, ya nuna cewa insulin ɗin da aka buɗe bai rasa ƙarfinsa ba cikin mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya. Abin gudu shi ne rana kai tsaye, da cikin mota a rufe, da kusa da murhu. A kuma tabbata lambar da ke jikin sirinji ta yi daidai da ta kwalba, U-100 da U-100, domin saɓaninsu na jawo kuskuren adadi.

Dalili na biyar: maganin gargajiya

Shuwaka da zogale da darbejiya da hulba da ganyen mangwaro duk ana sha da sunan maganin suga, kuma masu talla da lasifika a tasha da kasuwa na alƙawarin warkarwa cikin kwana kaɗan. Zogale da shuwaka a cikin miya ko kwaɗo abinci ne mai kyau. Matsalar tana tasowa ne idan aka ajiye maganin asibiti dominsu, ko aka haɗa da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, wanda ka iya kayar da suga ko ya taɓa ƙoda da hanta. Duk mai shan wani abu na gargajiya ya gaya wa likitansa. Haka nan magungunan ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da su dexamethasone da prednisolone, suna ɗaga suga ƙwarai, bai kamata mai ciwon ya sha su ba sai da umarnin likita.

Dalili na shida: azumi

Musulmi na azumin Ramadan da na nafila, Kiristoci ma na da nasu lokutan azumi. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13, EPIDIAR, wanda aka buga a 2004, ya nuna cewa kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu sun yi azumin aƙalla kwana 15 na Ramadan, kuma faɗuwar suga mai tsanani ta ninka a tsakaninsu fiye da sau bakwai. Ƙa'idojin da IDF ta fitar tare da ƙungiyar masana suga da Ramadan sun ba da shawarar a ga likita mako shida zuwa takwas kafin azumi, domin a tantance wanda azumi zai cutar, a kuma sauya lokutan magani zuwa buɗa-baki da sahur. Sun kuma ce a karya azumi idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma tsira yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Daina magani baki ɗaya tsawon wata guda, da shan adadin da aka saba da asuba ba tare da gyara ba, dukansu haɗari ne.

Dalili na bakwai: rashin fahimtar umarni

Takardar likita da Turanci ake rubuta ta, da gajerun alamomi: od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku. Dattijon da ya fi sakewa da C'lela, harshen Dakarkari, ko da Kambarci, na iya gyaɗa kai ga bayanin da aka yi masa cikin sauri bai kama rabinsa ba. Ya dace ya je da wani nasa, ma'aikacin lafiya kuma ya nemi majiyyaci ya maimaita umarnin da bakinsa kafin ya tashi. Zanen layi a jikin ambulan ɗin magani, na safe da na dare, yana taimakon wanda ba ya karatu.

Dabarun tunawa

Mantuwa ta fi sauƙin magancewa. A ɗaura shan magani da abin da ba a fashinsa, kamar karin kumallo da tuwon dare. A sa ƙararrawar waya. A sayi ƙaramin akwatin ƙwayoyi mai gida bakwai a cika shi ranar Juma'a ko Lahadi. Ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye ko mai zuwa sarin kaya Kano ko Onitsha ya riƙe na kwanakin tafiyarsa da ƙarin na kwana uku a aljihu, tare da 'yar alewa saboda faɗuwar suga. Ma'aikaci ya ajiye kaɗan a aljihun teburin ofis. A koma sayen sabo tun saura na mako guda. A riƙe ɗan littafi ana rubuta sakamakon gwaji da ranakun da aka tsallake, a je da shi asibiti tare da kwalayen duk magungunan da ake sha. Wanda yawan ƙwayoyi ya dame shi ya tambaya ko akwai mai haɗe da magani biyu a ƙwaya ɗaya, ko wanda ake sha sau ɗaya a rana.

Idan an manta da metformin, a sha da abinci na gaba idan lokacin bai yi nisa ba. Idan lokacin na gaba ya kusa, a bar wanda ya wuce. Ba a ninkawa. Ranar rashin lafiya, mai insulin ba ya daina allura don ya kasa cin abinci, sai dai ya yawaita gwaji ya nemi shawara. Mai shan metformin da ke amai ko gudawa mai yawa ya ga ma'aikacin lafiya a ranar, domin ana dakatar da shi idan ruwan jiki ya ƙare. Maganin hawan jini da na kitsen jini da aka rubuta tare da na suga su ma ƙa'idarsu ɗaya.

Rawar iyali da ma'aikatan lafiya da hukuma

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar gida ko mijin da ya san lokutan magani, da ɗan da ke aiko da kuɗinsa a kan lokaci, da abokin shago da ya san alamun faɗuwar suga, duk suna cikin jinyar. Ɓoye ciwon ga iyali saboda kunya ko tsoron magana na hana wannan taimako.

Ga ma'aikatan lafiya, tambayar "sau nawa ka tsallake a makon nan, me ya hana?" ta fi faɗa amfani, domin majiyyacin da ke tsoron tsawa zai ce yana sha, likita kuma ya ƙara masa adadin da bai buƙata. Ba da maganin wata biyu ko uku ga wanda sugansa ya daidaita kuma gidansa ke nesa, da kiran waya ga wanda bai zo ranar asibitinsa ba, da ware rana guda a mako don masu suga da hawan jini, matakai ne marasa tsada.

A watan Mayun 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Najeriya, sun amince da burin da ake son cimmawa kafin 2030: a gano kashi 80 cikin 100 na masu ciwon, kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gano su riƙe sugansu da kyau, kuma duk mai nau'i na ɗaya ya sami insulin da kayan gwaji a farashi mai sauƙi. A ƙasar Zuru wannan na nufin samun metformin da na'urar gwaji a cibiyoyin lafiya na matakin farko a gundumomi, yadda mutumin Bena ko Dirin Daji ba sai ya yi doguwar tafiya ba kafin ya karɓi maganin wata.

Lokacin garzayawa asibiti

A kai majiyyaci asibiti ba tare da jinkiri ba idan ya suma ko ya ruɗe, ko yana amai ba tsayawa, ko numfashinsa ya yi sauri da zurfi, ko sugansa ya haura 300 ya ƙi sauka, ko ƙafarsa ta yi rauni ko ta kumbura ko ta sauya launi, ko ganinsa ya ragu farat ɗaya, ko ɓarin jikinsa ya yi nauyi. Wanda ya daɗe da barin magani kuma ya koma asibiti a sake gwada shi kafin ya ci gaba da tsohon adadi, domin ƙodarsa da nauyinsa na iya canzawa a tsakanin lokacin.